Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu A Tasalonika, Ƙasar Girka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, mun kuma gode wa Allah da ya sauke ka lafiya. Ka ce tsakanin masaukinka da jami'a tafiyar ƙafa ce, darussanku da Turanci ake yi, kuma kun haɗu da wasu ɗalibai baƙi kuna cin abinci tare. Duk na ji daɗi. Sai dai in haka za ka cinye watannin nan biyar, daga ɗaki sai aji sai teburin baƙi 'yan'uwanka, to gara da ka yi zamanka a Samaru, kuɗin jirgi ya huta.

Aikin gona kake karanta, kuma Allah ya kai ka ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman auduga a Tarayyar Turai. Mafi yawan audugar da Tarayyar ke samu daga Girka take fitowa, Sifen ce ke bin ta daga nesa. Gonakin suna filin Tasaliya, wajen Larisa da Karditsa, akwai kuma nan kusa da kai, yamma da gari, inda kogin Aksiyos ke gangarawa teku. Ka isa daidai kan gaɓa, domin a watan Oktoba ake tsakiyar ɗiba. Kada ka jira sai an shirya muku fita. Ka sami malaminka ka roƙe shi ya haɗa ka da ɗalibin da iyayensa manoma ne, ka bi shi gida ranar Asabar. Na san za ka tsaya kallon injin ɗiba, wanda ke share gona kafin mutum ya cika buhu. Ka kalla, amma injin ba shi ne abin tambaya ba, don ba mu da shi kuma ba gobe za mu same shi ba. Ka tambayi manomin inda yake samun iri, da yadda yake yi da tsutsa, da sau nawa yake ban ruwa, da wanda ke yanka farashi in an kai gidan gurza, da ko shi kaɗai yake kaiwa ko a ƙungiyance. Ka tambayi abin da ake yi da angurya. Kada kuma ka manta Tarayyar Turai na biyan su tallafi a kan kowace hekta ta auduga, saboda haka kafin ka kwatanta ribarsu da ta manomin Funtuwa ko Gusau, ka fara cire wannan, in ba haka ba ka dawo kana zagin mutanenmu a kan laifin da ba nasu ba. A watan Satumban 2023 ambaliya ta shanye filin Tasaliya, gonaki da dabbobi suka salwanta. In ka sami wanda abin ya shafa, ka zauna ka saurari yadda suka farfaɗo da ƙasar. Shinkafa ma ana nomawa sosai a bakin Aksiyos, wajen Halastira, ka leƙa ka ga yadda suke raba ruwa.

Duk wannan ba zai yiwu ba in bakinka a rufe yake. Dattijon ƙauye ba lallai ya ji Turanci ba. Jami'arku tana da makarantar koyar da Girkanci ga baƙi, ka shiga ko da ba a lissafa maka maki. Haruffansu 24 ne kacal. Wanda ya haddace baƙaƙe da wasulla a allo tun yana ɗan shekara shida ba zai ce sun gagare shi ba. Ka iya gaisuwa, da ƙirga, da tambayar hanya, da godiya. Abu ɗaya da ba sai an koya maka ba: ware wa mutum yatsu biyar a fuska daƙuwa ce a can kamar yadda take a nan, don haka ka kula da hannunka ko wajen tsayar da mota.

Batun abinci, ka buɗe ido. Naman da suke yankowa daga sanda mai juyawa a saka cikin burodi, da tsirensu, galibi alade ne in ba an faɗa maka wani abu daban ba. Ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Garin bakin teku ne, kifi ba ya yankewa, ga wake da ganye da man zaitun. Kiristocinsu 'yan Otodoks suna da kwanakin azumi da ba sa cin nama, shi ya sa girkin da babu nama a ciki ba baƙo ba ne a gidajen abincinsu. Za a miƙo maka giya don karramawa. Ka ƙi da fara'a, ka karɓi shayi ko gahawa, ka ci gaba da hirar. Wanda ya tashi daga teburi don an ajiye kwalba ya rasa abokin da zai kai shi gona.

Salla kuma kai za ka tsare abarka, babu ladanin da zai tashe ka. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar da Magariba su matso juna, ka duba jadawalin darussanka tun yanzu. Za ka ga tsofaffin masallatai a cikin gari, irin su na Hamza Bey da Alaja Imaret, amma yau wuraren tarihi ne. Musulmin garin a ƙananan ɗakunan salla suke haɗuwa, ka nemi na kusa da kai saboda Juma'a. Dalili kuwa, Turkawa sun riƙe garin daga 1430 zuwa 1912, a garin ma aka haifi Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Turkiyya ta yau, sannan yarjejeniyar 1923 ta sa aka yi musayar jama'a: Musulmin garin suka koma Turkiyya, Kiristocin can suka koma Girka, kowa ya bar gidan kakanninsa. Abokan karatunka da yawa jikokin waɗannan 'yan gudun hijira ne. Harabar jami'arku kanta, wani ɓangarenta a kan tsohuwar maƙabartar Yahudawan garin take, waɗanda Jamusawa suka kwashe a 1943, kaɗan ne suka dawo. Garin da ke da irin wannan tabo, baƙo ba ya saurin baki a cikinsa. In hira ta kai kan Turkiyya ko Kubrus ko sunan Makidoniya, ka zama mai kunne.

Za su tambaye ka Giannis Antetokounmpo, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, da zarar sun ji Najeriya, tunda a Atina aka haife shi kuma iyayensa 'yan ƙasarmu ne. Kai kuma ka ba su labarin kantin Leventis da muka taso muna gani, wanda Bagirken Kubrus ya kafa. In ka sami sarari ka je Stagira, mahaifar Aristotle, masanin falsafar da jami'arku ta ci sunansa. Ilimin mandiƙin da kakanka ya karanta a zaure, tushensa daga wurin mutumin nan ne, ta hannun malaman Bagadaza.

Sauran gajeru ne. Fasfonka ya zauna a ɗaki a kulle, kwafinsa da katin makaranta a aljihu. Ka san ranar da bizarka za ta ƙare, kada wani ya ruɗe ka da zancen tsallakawa Jamus. Ranar 17 ga Nuwamba ɗalibai kan yi zanga-zangar tunawa da boren da ɗalibai suka yi wa mulkin soja a 1973, wani lokaci a yi arangama da 'yan sanda. Ba rigimarka ba ce, ka kwana a gida. Lambar gaggawa 112 ce. Kafin jarrabawa ka tabbatar kowane darasi da ka ɗauka yana cikin takardar da sashenku na gida da na can suka sa wa hannu, don kada ka dawo a ce sai ka maimaita zango. Kuɗi kuma ka daina juya kowane yuro zuwa naira a ka, za ka hana kanka cin abinci. Ka raba na wata gida huɗu ka tsaya a kai.

Innarka ta ce iskar hunturun garin mai ratsa ƙashi ce, ka sayi babbar riga tun kafin Nuwamba, kuma ka riƙa kiranta ranar Juma'a bayan an sauko. Ƙannenka suna gaishe ka. In ka je gonar, ka turo mini hoton ƙasar da tazarar kunya, ba na injin ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.