Barka da Sallah daga Kanada

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaishe da Goggo da su Yaya da yara baki ɗaya.

Sa'ad da kuka sauko daga idi, mu nan Ottawa ko assalatu ba a kira ba, domin kun riga mu da awa 5. Baba, kun tambayi girman ƙasar nan. Rasha ce kaɗai ta fi ta faɗi a duniya. Najeriya goma za su shige cikinta har da saura, amma mutanenta miliyan 40 ne da 'yan kai, galibinsu a kudu, dab da iyakar Amurka. Agogonta ma kashi 6 ne, kowane yanki da nasa lokacin.

Abin da na san zai fi jan hankalinku shi ne garin Inuvik, can ƙuryar arewa. Da bazararsu rana takan yi kwana 56 ba ta faɗi ba, da hunturu kuma a yi kusan wata guda ba a ga fitowarta ba. To yaushe za a yi sahur, yaushe za a sha ruwa? Malamai sun ba da mafita: a bi lokacin Makka, ko na gari mafi kusa da yake da dare da rana sosai. Kuma akwai masallaci a can. A Winnipeg aka harhaɗa shi, aka ɗora a babbar mota, sannan a jirgin ruwa, tafiyar kilomita dubbai, ya isa a 2010. Masallacin farko a ƙasar kuwa, Al-Rashid na Edmonton, tun 1938 aka buɗe shi.

Inna, goron Sallarku na tafe, kwalabe biyu na zumar itace. Ba ƙudan zuma ke yin ta ba, daga jikin itacen mapul ake tatso ta, wato itacen da ganyensa ke kan tutar ƙasar tun 1965. Mutanen asalin ƙasar ne suka koya wa Turawa wannan aiki, kuma yanzu ne kakarsa, tsakanin Maris da Afrilu, mako 4 zuwa 6 kacal. Sharaɗinsa shi ne dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuma ta ɗan saki, sai ruwan ya motsa a cikin itacen. Sai itace ya kai kamar shekara 40 ake taɓa shi. A huda shi zurfin santimita 5, a cusa ɗan bututu, a rataya bokiti, ruwan yana ɗiga fari tas, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Daga nan sai wuta, kamar dai yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila. Lita 40 ake ƙonewa kafin a samu lita 1, shi ya sa take da tsada. Idan aka sauke da wuri takan yi tsami, idan wuta ta zarce ta koma ƙanƙarar sukari a gindin kwalba. Da zarar itacen ya fara toho kuma an gama, ɗanɗanon ya ɓaci. Lardin Kebek kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na wadda ake sha a duniya.

Ku zuba ta a kan masa ko funkaso, cokali biyu ya isa, tana kuma shiga kunun gyaɗa. Sai dai a kula: matuƙar ba a buɗe kwalbar ba, za ta daɗe a ɗaki, amma da an buɗe sai firji. A zafin nan na kafin damina, idan aka bar ta a waje, funfuna za ta fito mata a sama. Saboda matsalar wuta, ku buɗe ɗaya, ku raba da maƙwabta a gama da ita, sannan a taɓa ta biyun.

A miƙa gaisuwata ga Liman da mutanen unguwa. Ina roƙon addu'arku.

Ɗanku,
daga Ottawa