Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Ɗakin Gwajin Sinadarai

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da muka sa a gaba bana shi ne horo kan na'urar AAS, wadda ake auna ƙarafa masu guba da ita a ruwa da ƙasa da abinci. Kowa ya san dalili. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta kuma sake ɓulla a Rafi ta jihar Neja a 2015. Har gobe ana kawo mana ruwan rijiya da ƙasar tsakar gida mu duba.

Kunna na'urar bai ba kowa wahala ba: a sa fitilar dalma, domin kowane ƙarfe da fitilarsa, a daidaita ta a tsawon zangon haske na nanomita 283.3, a hura wutar gas ɗin asetilin. Inda aka sha fama shi ne shirya samfur. Mun ga masu narkar da ƙasa da asid ɗin naitirik a kwalbar da ba a jiƙa ta a asid ta kwana ba, da masu tsallake gwajin kwalbar da babu komai cikinta sai asid da tataccen ruwa, wai ɓata lokaci ne. To, da me za ka gane dalmar daga rijiyar ta fito ko daga kwalbarka? Kwamiti na ganin wannan sakaci ya fi rashin kayan aiki illa, shi ya sa za a maimaita darasin baɗi.

Mun kuma kai ziyara Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ƙaramin injin nukiliya NIRR-1 ke aiki tun 2004, ana gano sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa ba tare da an narkar da su ba.

Horo kan na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ta auna su, don gano aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara, kuwa bai yiwu ba. Sinadaran da na'urar ke sha sun yi tsada, ga rashin tsayayyar wuta, kuma da an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki sai a koma farko.

Rajistar na'urorin da ke ɗakunan gwajin mambobi ta kankama, kuma da yawansu suna lulluɓe da leda saboda ƙaramin gyara. Wanda bai turo nasa jerin ba ya miƙa wa sakatare kafin babban taro, tare da kuɗin ƙungiya na bana.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa