A daina ɗora wa direba laifi shi kaɗai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan sashen wasanni, Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne kan muhawarar da kuka buɗe wa masu sauraro game da haɗurran tseren motoci na Formula 1. Na ji daɗi da kuka taɓo wasan don kullum ƙwallo ne ƙwallo ne, amma gaskiya yawancin saƙonnin da aka karanto sun sosa min rai. Kusan kowa cewa yake ai direba shi ya zaɓi sana'ar, ana biyan shi miliyoyi, in ya mutu shi ya jawo wa kansa, wani ma har da cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ni ban yarda ba, kuma ina so masu wannan magana su koma su duba abin da ya faru da direban tsere Jules Bianchi.

Ranar 5 ga Oktoba 2014 ne a filin Suzuka na Japan. Kowa ya san guguwar Phanfone na tafe, ruwa ake tun safe, amma aka bar tseren a ƙarfe 3 na rana yadda aka tsara tun farko. Can wajen ƙarshe ruwa ya dawo, gari ya fara duhu, Adrian Sutil na ƙungiyar Sauber ya zame a wata kwana ya daki shinge. Sai aka turo janwe, katuwar mota mai nauyin sama da tan 6, ta shigo ta gaban shingen tana ɗaga motar Sutil, alhali sauran motoci suna ta wucewa a guje, ba a fito da motar tsaro ta ja musu birki ba, tuta ruwan ɗorawa guda biyu, alamar a rage gudu, kawai ake kaɗawa. Zagaye ɗaya bayan nan Bianchi ya zo wannan kwanar dai, ruwa ya kwashe tayoyin motarsa ta ƙungiyar Marussia, ya tafi kai tsaye ya shige ƙarƙashin janwen da gudun sama da kilomita 120 a awa. Jirgi mai saukar ungulu ma bai samu kai shi asibiti ba saboda yanayi, a motar asibiti aka tafi da shi. Wata tara yana kwance bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 17 ga Yuli 2015 a birnin Nice na Faransa yana ɗan shekara 25. Yaron da a wannan shekarar ta 2014 ya samo wa Marussia makinta na farko a Monaco da motar da kowa ya san ba ta da ƙarfi.

Da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ta kafa kwamitin bincike, abin da aka fi yayatawa daga rahoton shi ne wai Bianchi bai rage gudu yadda ya kamata ba. Shi ke nan 'yan kallo suka riƙe wannan layi ɗaya har yau suna maimaitawa. Ni ban ce ƙarya ba ne, bai rage sosai ba. Amma dan Allah a lokacin wane direba ne yake ragewa sosai? Kowa ɗan sassauta totur yake don a ga alama ya sassauta sannan ya ci gaba, saboda in ka rage da gaske na bayanka zai cim maka, ƙungiyarka kuma ba za ta yafe maka ba, kuma hukumar ta san haka ake yi shekara da shekaru ta zuba ido. Direba zamewa yana cikin aikinsa, shi ya sa aka yi shingen taya da tsakuwa a gefen titi, don in ya zame ya fito da ƙafarsa kamar yadda Sutil ya fito a wannan wurin. Abin da ya bambanta Sutil da Bianchi janwe ne kawai. Kamar tirela ce ta mutu a tsakiyar kwana da daddare a zuba ganye biyu a bayanta, in mai ƙaramar mota ya zo ya shige ƙarƙashi a ce ai gudu yake.

Kuma in laifin nasa ne shi kaɗai me ya sa aka canza doka? A 2015 aka kawo tsarin da ke tilasta wa kowace mota rage gudu lokaci guda ta na'ura, ba sai direba ya ga dama ba, aka kuma matso da lokacin fara wasu tseren don kar duhu ya riske su. Wannan ai amsa laifi ne a aikace ko da baki bai furta ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 2022, a Suzuka ɗin dai, cikin ruwa dai. Carlos Sainz ya yi haɗari a zagayen farko, aka sake turo motar janwe, wannan karon ma a kan titin kanta. Pierre Gasly ya tsaya wajen kanikawa an canza masa gaban mota, ya fito yana ƙoƙarin cim ma sauran, feshin ruwa ya rufe masa gani, kawai ya ga ƙarfe ya gifta ta gefensa. Wanda ya ji muryarsa a rediyon mota ya san mutumin ya tsorata ƙwarai, ya fito yana rawar jiki don fushi yana ambaton Jules, ɗan ƙasarsu Faransa. Me ya biyo baya a ranar? Shi aka ci tara, daƙiƙa 20 da maki 2 a lasisinsa saboda gudu bayan an ɗaga jar tuta, alamar dakatar da tsere. Nan ma 'yan kallo suka yi caa a Facebook wai Gasly ne mara hankali. Sai daga baya FIA ta yi nata nazari ta yarda cewa da an jinkirta shigo da janwen da ya fi. Gasly ya yi kuskuren gudu kuma ya karɓi hukuncinsa, to wanda ya ba da umarnin shigo da motar fa, wa ya ji an hukunta shi?

Mu 'yan kallo ma muna da namu kason. Lokacin da za a kawo halo a 2018, wannan ƙarfen da ke zagaye kan direba, surutu ba irin wanda ba a yi ba, wai ya ɓata kyan mota, wai an mai da wasan na matsorata. Direba Romain Grosjean kansa yana cikin masu adawa da shi. A Bahrain 2020 motarsa ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki ya fito da ƙuna a hannu, daga gadon asibiti ya ce ba don halo ba da ba ya magana da kowa. Ga Hamilton a Monza 2021 da tayar Verstappen ta hau kansa, ga Zhou Guanyu a Silverstone 2022 da motarsa ta kife tana jan ƙasa, duk halo ne ya kare kansu. Su waɗanda suka yi ta zagi ban ga sun dawo sun ce komai ba.

Na san ajali in ya zo ba makawa, wannan imaninmu ne, amma ba a fakewa da ƙaddara a wanke wanda ya yi sakaci da ran wani. Roƙona Malam Edita, in za ku sake buɗe wannan muhawara ku fara bayyana wa masu sauraro waye ke yanke lokacin fara tsere, waye ke da ikon fito da motar tsaro ko ɗaga jar tuta, waye kuma ke ba janwe izinin shiga, don duk ba direba ba ne, daraktan tsere da masu shirya gasar ne. Sannan a bar mutane su yi hukunci.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Zariya