Sanarwa: yawon ɗaukar hoto a birnin Firenze na ƙasar Italiya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Fitar tamu Asabar ɗin nan ce in Allah ya yarda. Mu haɗu a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella ƙarfe 7 na safe. Jagoranmu ɗan gari ne, ɗaukar hoto sana'arsa, kuma a ƙafa za mu zaga.

Don Allah a yi sammako. Da hantsi ya dubi ludayi, dandalin Duomo, wato babbar majami'ar garin, cika yake maƙil, ba ka ɗaukar komai sai ƙeyar mutane. Kubbar majami'ar ta jan bulo da aka kammala a 1436, hasken safiya ya fi fito da ita. Mai sha'awar hawa, matakala 463 ce, ya yanki tikitinsa tun da wuri.

Gadar Ponte Vecchio ta 1345 kuwa, ni dai a ganina tsayawa a kan gadar ɓata lokaci ne. Daga gadar Santa Trinita za mu ɗauke ta, shagunan masu zinariya sun leƙo kan kogin Arno, hotonsu kwance cikin ruwa.

Ko babu kyamara, waya ma ta isa. A sa takalmi mai daɗin tafiya, titunan dutse ne. Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Alhamis.