Fatalwar Hermitage ta danne ainihin tarihin gidan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta abin da kuka buga a shafin abubuwan al'ajabi game da tsohon gidan yaƙin Hermitage da ke kwarin Liddesdale, a kudancin Sikotland, daf da iyakar Ingila. Rubutun ya yi daɗin karatu, sai dai marubucin ya shagala da fatalwa da kururuwar dare, ya kuma kawo almara kamar gaskiya ce tabbatacciya.

Ya ce mai gidan, William de Soulis, matsafi ne mai aljani, kuma talakawansa sun naɗe shi cikin dalma suka dafa shi a tukunya a kan tudun Ninestane Rig. Wannan tatsuniya ce. Abin da tarihi ya riƙe shi ne, a 1320 aka kama shi da hannu a makircin kawar da Sarkin Sikotland Robert Bruce, aka ɗaure shi a kurkukun Dumbarton, can ya mutu. Ba wanda ya hura masa wuta.

Abin takaicin, ta'asar da ta auku a gidan da gaske marubucin bai ko taɓo ta ba. A 1342 Alexander Ramsay ya ƙwato gidan yaƙin Roxburgh daga hannun Ingilawa, Sarki David na II ya saka masa da muƙamin mai kula da yankin Teviotdale. William Douglas, wanda Hermitage ke hannunsa, yana ganin kujerar tasa ce. Sai ya kama Ramsay a garin Hawick, ya jefa shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Hermitage, ya hana shi abinci har rai ya yi halinsa. Ana cewa ya ɗan ja kwanaki da ƙwayoyin hatsin da ke zubowa ta tsagar rumbun da ke bisa kansa. Duka biyun 'yan ƙasa ɗaya ne, gefe ɗaya suke yaƙi; hassada kawai.

Haka zuwan Sarauniya Mary ta Sikotland a Oktoban 1566, wadda aka ce fatalwarta na yawo a wurin. Bothwell, basaraken da ke riƙe da gidan a lokacin, ta zo dubawa, bayan wani ɓarawon shanu daga dangin Elliot ya ji masa mummunan rauni. Daga garin Jedburgh ta taso a kan doki, tafiyar kusan kilomita 40, ta koma a ranar, sannan ta kwanta ciwon da ya kusa tafiya da ita. Watanni bakwai bayan haka ta auri Bothwell.

Ɓarayin shanun nan su ne abin da mutanen iyakar suka kwana da fargabarsa shekaru aru-aru, sai bayan 1603 da sarki ɗaya ya haɗa Ingila da Sikotland aka murƙushe su. Ina roƙon ku ba marubucin fili ya dawo da kashi na biyu a kansu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya