Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel nake rubuto maka. Ɗan ƙanwata yana da amosanin jini, shekararsa 11. In ciwon ya tashi, cizon gefen tabarma yake yi, ko zane aka lulluɓa masa a ƙafa sai ya ƙwalla ihu. Hunturun bara muka goya shi a mashin zuwa asibiti. Aka sa masa ruwa, aka ba shi farasitamol, aka ce mu yi haƙuri. Da na roƙi a ƙara masa wani abu, sai aka yi mini kallon mai neman ƙwaya.

Na san inda tsoron ya samo asali. Kodin ya cinye mana matasa har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ga tiramol mai miligram 225 da NDLEA ke kamawa, alhali NAFDAC ba ta yarda ya wuce 100 ba. Amma wace doka ce ta ce a bar yaro ya kwana yana murƙususu? Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na kashe raɗaɗi, tun daga farasitamol har zuwa mofin idan ciwo ya kai intaha. Don masu ciwon daji aka fara tsara su, amma mai sikila ma mofin ne haƙƙinsa in abin ya yi tsanani.

Abin da asibiti ya hana, kemis ba ya hanawa. Can ake ɗirka wa mutane allurar kashe raɗaɗi ta fentazosin babu takarda har jiki ya saba, a haɗa musu da daiklofenak mai cin ƙoda da jawo gyambon ciki. Wallahi, can ne ake kamuwa da jarabar ƙwaya.

Roƙona, ranka ya daɗe, kowane babban asibiti namu ya ajiye mofin a kulle, da littafin da likita mai lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, zai sa hannu a kan duk abin da ya fita. A wajabta wa likita ya tambayi mara lafiya tsananin ciwonsa, ya rubuta a kati, ya dawo ya duba ko maganin ya yi aiki. Wanda ya karkatar da magani kasuwa a hukunta shi, wanda ya yi sakaci da mai ciwo shi ma a tuhume shi.

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙanwata ta riga ta daina barci.

Naka,
Malamin firamare daga ƙasar Gumel