Wasiƙa Daga Dammam Kan Burodin Filifin

Assalamu alaikum.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Na ga saƙonka inda ka ce Uwargida na neman sana'ar da za ta riƙa yi a cikin gida. Tun ranar nake so in ba ka labarin wani burodi da na koya a nan, don ina ganin zai karɓe ta.

Wanda ya koya mini abokin aikina ne, Musulmi daga Kotabato a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin. Sunan burodin pandesal. Ƙanana ne, kowane bai wuce dunƙulen hannu ba, ga laushi, ga zaƙi daidai wa daida, an birkiɗe bayansa da garin busasshen burodi. Ya ce a can tun kafin gari ya waye ake layi a gidajen burodi, a sayo shi da zafinsa a jakar takarda, a tsoma a kofi. Abin da ya ba ni mamaki, mutanen shinkafa ne, ba sa noman alkama, daga waje ake shigo musu da ita. Turawan Sifaniya da suka mulke su daga 1565 zuwa 1898 ne suka kawo musu gashin burodi, su kuma suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Ga yadda nake yi. Fulawa rabin kilo, yis ƙaramin cokali 2, sukari giram 90, gishiri ƙaramin cokali 1, ƙwai 1, bota giram 50, sai madara mai ɗumi kamar kofi guda. A kula da ɗumin nan sosai: in madarar ta yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ta kashe yis, kwaɓin ba zai tashi ba ko an kwana ana jira. A haɗa, a murza da hannu minti 15. Da farko zai riƙa manne wa hannu, zuciya ta ce a ƙara fulawa. Don Allah ta daure, kada ta ƙara. Laushin burodin gaba ɗaya daga wannan danƙon yake, kuma da an ci gaba da murzawa zai saki hannu da kansa, ya yi sulɓi. A rufe shi ya ninka girmansa, wajen awa ɗaya. Da hunturun Kano zai fi haka, sai a ajiye kwanon kusa da murhu.

In ya tashi, a mulmula shi dogo, a yayyanka, a birkiɗa kowane yanki a garin burodi, a jera a tire da ɗan tazara. A sake barinsa rabin awa, sannan a gasa minti 15 a zafin digiri 180. Na san matsalar wuta a gida, amma babbar tukunya da yashi a ƙasanta a kan gawayi, yadda mata ke gasa kek, za ta yi aikin. Su ma can da tanderun itace suka saba a da.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne zogale. Suna da shi a ƙasarsu, suna miya da shi, har suna zuba ganyensa a kwaɓin pandesal. Ni garin busasshen ganyen nake sawa, babban cokali 2, burodin ya fito da ɗigo-ɗigon kore. Ka duba bishiyar da ke tsakar gidanku, wadda sai kwaɗo ake yi da ita. Yaran da ke gudun kwaɗon zogale za su cinye wannan ba tare da an lallashe su ba.

Da kwaɓin nan ake yin pan de coco: a kankare kwakwa, a dafa ta da jan sukari har ta kama jikinta, a cusa a ciki kafin a gasa. A ganina wannan zai fi saurin ƙarewa a ƙofar makaranta. Akwai kuma ensaymada, mai bota da sukari da cuku a sama. Asalinsa daga tsibirin Mayorka na Sifaniya, inda ake sa masa kitsen alade, amma da bota zalla abokina ke yi. Yana cin kuɗi, ban ba da shawarar farawa da shi ba.

Ta fara da rabin kilo ɗin, ta ba maƙwabta su ɗanɗana kafin ta sa kuɗi da yawa. Kuma a sayar da shi ranar da aka gasa, don ba ya son kwana. Ka aiko mini da farashin fulawa da sukari na yanzu a kasuwar Singa, mu lissafa nawa za ta riƙa sayar da guda.

Ka gaida Baba da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka, amininka.